Amanar Da Ke Bayan Kanta

Ɗana, na ji an ɗaga ka, an damƙa maka kantar abin sha ta otal ɗinku, tare da makullin sito da yaran da za su yi aiki a ƙarƙashinka. Allah Ya sanya albarka, Ya ba ka ikon riƙewa. A cikin wannan sana'a furfura ta same ni. Na ga waɗanda ta ɗaukaka, na kuma ga waɗanda suka shigo da ƙafar dama suka fita ta ƙofar baya kai a sunkuye. Shi ya sa nake so in gaya maka wasu abubuwa tun sabuwar rigar ba ta saba da jikinka ba.

Fara da cire kunyar aikin daga ranka. Na san har gobe a unguwanninmu idan aka ce wane aikin otal yake yi, akwai mai taɓe baki, akwai kuma uwar da za ta ce ɗanta yana wani kamfani a Abuja don kada a tsananta mata tambaya. Alhali saukar baƙo tsohuwar sana'armu ce. Fataken da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro suna da masu masauki da ke jiransu a Salaga, daga baya kuma a zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan. Mai masaukin nan, wato fatoma, shi ke ba bafatake ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani, sannan ya karɓi la'adarsa. Abin da ke tara wa fatoma baƙi shi ne mutum ya bar jakar kuɗinsa a gidan, ya yi tafiyarsa, ya dawo ya same ta yadda ya ɗaure ta. Bene mai hawa goma da na'urar sanyaya ɗaki ba su sauya wannan ba. Baƙon da ya zauna gaban kantarka ya miƙa maka cikinsa da aljihunsa, wani lokaci har da asirinsa, kuma ko sunan mahaifinka bai sani ba.

Akwai maganar da ba zan yi maka kewaye-kewaye a kanta ba. A manyan otal-otal na Abuja da Legas, da na Yamai da Akara, kantar abin sha mashaya ce, kuma babban mai haɗa abin sha a can giya yake aunawa. Albashinsa ya fi naka, tukwicinsa ya fi naka, kuma yanzu da hannunka ya faɗa, za su aiko nemanka. Kai Musulmi ne, ka san hadisin da ya lissafa mutum goma a kan giya bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai ɗauka da mai shayarwa da mai sayarwa. Shawarata ita ce ka yanke hukuncinka yanzu, kana da ƙoshi da kwanciyar hankali, kafin ranar da kuɗin haya da na makarantar yara za su haɗu a kanka cikin wata ɗaya. Na ga samari da suka ce wata shida kawai za su yi su tara jari su fita. Jarin bai taru ba, domin hidima tana girma tare da albashi, fitar kuma ta gagara. Idan ka ƙi tayin, ka ƙi cikin ladabi. Abokan sana'arka da addininsu bai hana su wannan aiki ba, kada ka raina su. Da yawansu gwanaye ne na gaske, kuma akwai abin koyo wurinsu a awo, a tsafta, da yadda ake hana wanda ya sha ya yi yawa ƙari ba tare da an tozarta shi a gaban jama'a ba.

Kuma ka sani ƙofar ba ɗaya ba ce. Tun farkon shekarun 2000 da jihohin Arewa 12 suka koma aiki da shari'ar Musulunci, otal-otal da dama a Kano da Katsina da Sakkwato da Gusau suke aiki ba tare da giya ba, suna kuma cika da baƙi. Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019, tana ta gina masaukai, kuma kantocinsu na lemo ne da gahawa da shayi. Mai haɗa abin sha marar barasa da ya san aikinsa ba ya rasa wurin tsayuwa a wannan zamani.

To amma ko a kantar da ba ta sayar da giya, dole ka san abin da ke cikin kowace kwalba da hannunka ke taɓawa. Ɗauki Chapman, wanda ake cewa a kulob ɗin Ikoyi na Legas aka fara haɗa shi, kuma yau babu bikin da ba a sha. Kowa ya ɗauke shi lemo ne zalla: Fanta da Sprite, jan ruwan sukari, lemon tsami, yankan kokwamba. Amma ƙamshin nan da ke bambanta shi, ɗigon Angostura ne ke kawo shi, ita kuwa wannan 'yar kwalba mai faffaɗar takarda barasar da ke cikinta kashi 44.7 cikin 100 ce, a rubuce yake a jikinta. Ɗigo biyu ko uku ake sawa, gaskiya ne, amma ba kai ke da ikon yanke wa Alhajin da ya yi oda hukuncin ko zai sha ko ba zai sha ba. Ka nemi madadinta, ka dafa ɓawon lemo da kanumfari da kirfa ka tace, za ka sami ɗacin da ƙamshin. Idan kuwa gidan ya dage sai da ita, to baƙo ya sani kafin kofin ya kai bakinsa. Haka ruwan banila da ake sa wa madara da kek, da yawansa da barasa ake jiƙa shi. Karatun jikin kwalba yana cikin aikinka.

Ka tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, wasu ƙodarsu ta taɓu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da wa'adinsa ya wuce da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Waɗanda suka dama lemon nan ba su yi niyyar cutar da kowa ba, araha suka bi. Duk buhun da ya zo sitonka babu suna, babu lambar hukumar NAFDAC, babu ranar ƙarewar wa'adi, mayar da shi, ko wane ne ya kawo, ko da ƙanen mai otal ne. Lemon tsami na gaske yana nan a kasuwar 'Yan Lemo, a matse shi da safe.

Ƙanƙara kuma abinci ce, ko da yake yara ba sa ɗaukarta haka. Ba a ɗibarta da hannu, ba a ɗibarta da tambulan, tana da ludayinta. Ranar da tambulan ya fashe kusa da akwatinta, a zubar da ita gaba ɗaya a wanke akwatin, ko da zauren ya cika maƙil kuma manaja yana harararka, domin tsinken gilashi ba ya ganuwa a cikin ƙanƙara. Ka san daga wane ruwa ake yin ta, ka san yaushe aka sauya matatar injin. Firjinka kada ya haura digiri 5, ka rataya ma'aunin sanyi a ciki ka riƙa dubawa safe da yamma, musamman a ƙasar da wuta ke ɗaukewa janareta ya yi jinkirin tashi. Kunun aya da madara su ne suka fi saurin juyawa. Kunun ayar da ya kwana, ɗanɗana shi da kanka kafin ya fita, in ka ji ɗan tsami ko kaɗan, zubar. Asarar jarka ɗaya za ta shiga littafi a manta da ita, amma baƙon da ya kwana yana zarya zuwa banɗaki ba zai manta sunan otal ɗinku ba, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi masauki a garin.

Yanzu awo. Sabon shiga yana ganin gwaninta ita ce a zuba da ido, a juya kwalba a sama, a yi sauri. Gwanintar da ake biya ita ce kofin da ka haɗa ranar Litinin da wanda yaronka ya haɗa ranar Juma'a kana masallaci su zama abu ɗaya a bakin mai sha. Ɗan ma'aunin nan na ƙarfe mai baki biyu, riƙe shi yadda mai awo a Dawanau ke riƙe da tiyarsa, ko an san shi ko ba a san shi ba, da ita yake aunawa. Rubuta kowane haɗi a kati: mililita nawa na ruwan sukari, nawa na lemon tsami, ganyen na'a-na'a nawa, wane kofi. Ruwan sukari, sukari ɗaya ruwa ɗaya. Idan gahawa ce, giram 18 na gari ya ba ka kusan giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ta zubo da sauri za ta yi tsami, in ta yi nawa za ta yi ɗaci, sai ka gyara niƙan. Madara kada ta wuce digiri 65, in ta wuce zaƙinta ya tafi. Ka yi lissafin wannan: idan yaro yana ƙara mililita 5 na ruwan sukari a kowane kofi, kuna sayar da kofi 200 a yini, lita guda ke nan ta tafi kullum, lita 30 a wata, babu wanda ya sace ta kuma babu wanda ya biya kuɗinta. Ƙarshen wata kai za a kira ofis.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke cika takardar abin sha da sunayen ƙasashen waje, mu tura namu can ƙasan shafi, ko mu bar su ga mai kula a bakin titi. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano, ana loda shi a kwantena zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Shi ne karkade a Masar da Sudan, bisap a Senegal, sobolo a Gana, kuma a duk waɗannan wurare ba a jin kunyar miƙa shi ga babban baƙo. Ayar da manoman Maraɗi ke haƙowa tana zuwa har Sifen, inda mutanen Balensiya ke alfahari da kununta. Kai da aka haife ka cikin waɗannan abubuwa, kana da abin da Baturen da aka ɗauko da dala ba shi da shi. Ka san bambancin ɗanyar citta da busasshiya, ka san tsamiyar da ta nuna, ka san yadda dabino da kwakwa ke gyara kunun aya ba sai an jibga sukari ba, ka san lamurje da fura da nono da garin ɗanyar kuka. Abin da ya rage shi ne ka ba su irin kulawar da ake ba na waje: a auna, a tace da kyau, a sanyaya, a zuba a kofi mai ƙyalli. Zoɓo da ɓawon abarba da kanumfari, a rage sukari, a matsa lemon tsami a kai, na ga baƙi daga nesa suna tambayar ko za a ɗura musu su tafi da shi. Kuma ribarsa ta fi ta lemon kwalba nesa ba kusa ba, abin da zai sa manaja ya saurare ka ke nan.

Littafi shi ne inda mafi yawan mutane ke faɗuwa. Hanyoyin cuta a bayan kanta sanannu ne, kuma gara ka ji su daga bakina. A sayar ba a buga a na'ura ba. A soke rasit bayan baƙo ya biya da tsabar kuɗi. A shigo da katan daga waje a sayar da farashin otal. A ƙara ruwa a jarka. A miƙa wa baƙo lambar asusun kai a ce na'urar cirar kuɗi ba sabis. Sai kuma mafi santsi, ɗan kwangilar da ke kawo kaya ya saƙa maka ambulan ya ce ga na goro. Ranar da ka karɓa, ka rasa bakin da za ka ce masa abarbarsa ta ruɓe. Kada ka ce ƙananan ma'aikata kaɗai wannan ke kayarwa. César Ritz, wanda sunansa ke kan otal-otal mafi tsada a duniya, da shahararren kukunsa Escoffier, an sallame su daga otal ɗin Savoy na Landan a 1898, bayan bincike ya gano giɓi a kayan sito da la'adar da ake karɓa daga masu kawo kaya. Shi Ritz yana da attajiran da suka tsaya masa, a shekarar ya buɗe nasa a Paris. Kai ba ka da su. Manajojin garin nan duk sun san juna, waya ɗaya ta isa ta rufe maka kowace ƙofa.

Saboda haka ƙirga kayanka da hannunka lokacin karɓar aiki da lokacin miƙawa, kowa ya sa hannu. Abin da ya fara shigowa sito shi ke fara fita. Abin da ya fashe ko ya lalace, a rubuta nan take, kada a bari sai an tuna. Ka san abin da kowane kofi ya ci: idan kayan da suka shiga zoɓo ɗaya sun tashi naira 300, ana sayar da shi 1,500, kashi 20 cikin 100 ke nan, kuma ranar da buhun sukari ya tashi kai ya kamata ka fara kai wa akanta labari. Ka iya bayanin abin da ke ƙasan rasit, harajin kashi 7.5 da aka koma tun Fabrairun 2020 da kuɗin hidima, domin baƙo zai tambaya kuma "haka na'ura ta buga" ba amsa ba ce.

Yaran da ke ƙarƙashinka, jiya-jiya kana cikinsu, kai ma ka wanke kofuna ka ɗauko ƙanƙara daga ƙasan bene. Wannan ne zai ba ka wahala, domin wasunsu sun riga ka shigowa kuma suna ganin su ya kamata a ba. Kada ka sayi soyayyarsu da kau da kai, kada kuma ka nemi kwarjini da tsawa. Gyaran yaro a sito ake yi, ba a gaban baƙo ba. Idan kuskure ya fito daga kantarka, kai ne za ka tsaya gaban manaja, daga baya ku yi taku a ciki. Tukwici a raba shi a fili bisa ƙa'idar da kowa ya sani, kuma mai wanke kofi yana da rabo, don da bai wanke ba da ba a ba ka ba. Jadawalin aiki ma amana ne. Kada daren Asabar da ranakun Salla su riƙa faɗawa kan wanda ba shi da baki. Ku tsara yadda Musulmi zai sami Juma'arsa da buɗa-bakinsa, Kirista ya sami Lahadinsa da Kirsimetinsa, kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa. 'Yan matan da ke ɗaukar tire kuwa, ɗana, ka tsaya musu kamar ƙannenka. Akwai baƙin da ke zaton kuɗin ɗaki ya saya musu har da mutuncin ma'aikaciya. Idan ka ga haka, ka janye ta daga teburin, ka je da kanka, ka sanar da na sama. Kuma ka koya musu duk abin da ka iya. Masu ɓoye haɗinsu don kada a iya su ne ake bari a wuri ɗaya har tsufa, domin manaja ba ya ɗaga wanda babu mai maye gurbinsa.

Baƙo kuma, an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ka ɗaga ido ka gaishe shi ko da hannunka na cikin aiki, ya san an gan shi. Ka riƙe sunansa da abin da yake sha, wane ba ya son sukari, wane sai da citta mai yawa, wane yana da ciwon suga amma ba ya so a faɗa a gaban abokansa. Ka iya karanta wanda ke son hira da wanda ya zo ne ya huta da mutane. Siyasa da addini da ƙabila, bar su a ƙofa, ko da shi ya ɗauko. Mai fushi, saurare shi har ya kai aya, ka ba shi haƙuri, ka sauya masa kofin, sau da yawa ba kofin ne ya ɓata masa rai ba, tun daga filin jirgi ya taho da abinsa. Abin da ya fi duka nauyi shi ne bakinka. Za ka ga wanda ya shigo da wa, za ka ji cinikin da ba a so a ji, za ka ga babban mutum a halin da iyalinsa ba su taɓa ganinsa ba. Ba na majalisar unguwa ba ne, ba na matarka ba ne, ba kuma na wayarka ba ne. A zamaninmu tsegumi a baki yake tsayawa, yau hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya rushe gidan wani ya kuma raba ka da aikinka kafin gari ya waye.

Ka kula da jikinka, sana'ar tsayuwa ce. Sayi takalmi mai kyau ko da zai ci rabin tukwicin wata, gwiwa da baya ba su da madadi. Aikin dare yana cin barci, kuma nan ne abokai ke miƙo ƙwaya su ce tana ƙara kuzari. Tiramol da makamantanta sun kwantar da samari masu ƙarfi da na sani, kada ka fara. Sallarka ka tsara mata lokaci tun wajen rubuta jadawali, ba sai ta ƙure ba. Iyalinka kuma su san ranar hutunka tasu ce.

Kantar nan matakala ce. Daga ita akwai mai kula da zauren cin abinci, akwai manajan sashen abinci da abin sha, akwai manajan otal gaba ɗaya, kuma da yawa daga waɗanda ke kan waɗannan kujeru da tire suka fara. Ritz ɗin nan ɗan manoma ne daga wani ƙauyen Suwizalan, an haife shi a 1850, kuma a aikinsa na farko na koyon hidimar tebur korarsa aka yi, aka ce ba shi da basirar sana'ar. J. Willard Marriott da matarsa Alice sun fara ne a 1927 da 'yar rumfar lemo mai kujeru 9 a birnin Washington, lemon da babu barasa a ciki, shi kansa addininsa ya hana shi sha, ko da yake otal-otal ɗin kamfanin a yau suna sayarwa. Da sanyi ya shigo ciniki ya ja baya, sai suka ƙara abinci mai zafi. Otal ɗinsu na farko sai 1957, shekara 30 bayan rumfar, kuma a 2016 kamfanin ya sayi Starwood ya zama mafi girma a duniya a harkar. Shekara 30 ɗin nan nake so ka duba, don na san samarin yanzu wata shida in ba a ƙara musu girma ba sai su fara neman wani wuri. Yawan tsalle daga otal zuwa otal saboda ƙarin naira dubu goma yana cika takardar neman aiki da sunaye, amma mai ɗauka yana karanta shi a matsayin rashin zama.

Abin da ke ɗaga mutum daga kanta zuwa ofis shi ne lissafi da harshe da takarda. Roƙi akanta ya bar ka ka zauna kusa da shi ranar rufe lissafin wata. Koyi manhajar da otal ke aiki da ita, da jadawalin Excel. Idan an rasa hannu a wajen liyafar biki ko taro, miƙa kanka, don a can ake koyon ciyar da mutum 500 a lokaci ɗaya. Gyara Turancinka, ka ƙara da Larabci ko Faransanci, Hausarka kuma jari ce, kada ka yar da ita. Cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya tana da reshe a Bagauda, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana koyar da kula da otal, nemi difloma ko da ta ƙarshen mako ce. Takarda ba ta haɗa lemo, amma akwai kujerar da ba a ko kiran mutum ganawa sai da ita.

Kada kuma ka jingina da sunan gini. Otal ɗin Durbar na Kaduna, da aka gina don bikin FESTAC na 1977, ya yi tashe, ya zama kango, a 2020 aka rushe shi. Sheraton na Abuja yau Abuja Continental ake ce masa. Hilton ɗin da aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga, yanzu Transcorp ne. A shekarar korona otal-otal suka rufe, aka tura ma'aikata gida, wasu da rabin albashi wasu babu ko sisi. Waɗanda suka tsallake su ne masu ɗan ajiya da masu sana'a a hannu, na san waɗanda zoɓo da kunun aya a gora suka riƙe gidajensu har aka buɗe. Duk wata ka cire wani abu kafin ka taɓa albashin, tukwici kuma kada ka lissafa shi cikin kuɗin cefane, yau akwai gobe babu.

Idan tayin Saudiyya ko Dubai ko Doha ya zo, ba zan hana ka ba, akwai ilimi da kuɗi a can. Amma ka yi hattara da dillalan biza. Otal na gaskiya yana ganawa da kai, ya aiko takardar ɗauka mai ɗauke da sunan aikin da albashi da masauki da hutun shekara da wanda zai biya kuɗin jirgi. Wanda ya ce ka sayar da filin gado ka kawo, ka shiga da bizar ziyara ko ta Umara daga baya a gyara, guje shi. Tambayi a rubuce ko kantar da za a sa ka tana da giya, don a Dubai da Doha manyan otal-otal suna da ita, kada ka sauka ka tarar da abin da ka guda a gida. Fasfonka ya zauna a hannunka. Kwafin yarjejeniyar kuma ka bar ɗaya a gida wurin mahaifiyarka ko yayanka, tare da lambar ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar da za ka, sannan ka sa hannu.